Injin kwale-kwale mai shan 2T: a bar masa famfon mai ko a koma haɗi a jarka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Daura, ina da kwale-kwale a dam ɗin Daberam wanda yarana suke aiki da shi, kamun kifi da ƙetarar da kaya. Na sayi injin Yamaha ɗan Kwatano mai ƙarfin doki 40, silinda uku, yana da tankin mai a ƙarƙashin murfinsa, shi yake haɗa wa kansa. Wani bakanike ya ce in cire famfon in riƙa haɗa mai da fetur a jarka, wai famfon kan tsaya ba sallama inji ya buga. Wani kuma ya ce kada in kuskura in taɓa shi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa a ci moriyarsa lafiya. Shawarata ita ce kada ka cire famfon yanzu, kada kuma ka saki jiki da shi yanzu. Akwai gwajin da za ka yi da jarka biyu ta fetur wanda zai nuna maka ko famfon yana aiki, kuma ba ya jefa injin cikin wani haɗari. Irin famfon da ke jikin injinka yana cikin masu aminci, in ya ci gwajin ni a ganina barinsa ya fi maka, musamman da ka ce yaranka ne suke aiki da shi.

Sai an san yadda injin yake samun mai kafin a gane abin da kowane bakanike yake tsoro. Injin mota yana da wurin da baƙin mai yake taruwa a ƙasa, famfo yana zagayawa da shi, lokaci-lokaci a yi juye. Inji mai bugu biyu ba shi da wannan. Iskar da ta haɗu da fetur tana fara bi ta ɗakin karanshaf kafin ta hau saman fistin ta ƙone, don haka man da zai jiƙa boris da fistin da ringi da bangon silinda dole ya shigo tare da ita, ya shafa abin da zai shafa, ya ƙone, ya fita ta salansa. Babu ajiya. Man da ya shiga yanzu shi ne na aikin yanzu, in ya yanke inji yana kan gudun juyi 5,000 a minti, ba a daɗewa fistin yake narkewa ya manne da bango. Duk gardamar a kan abu ɗaya take: wa za a danƙa wa amanar auna wannan man, mutum ko famfo?

Haɗin jarka ba abin rainawa ba ne. In an auna daidai, to muddin fetur yana shiga, mai yana shiga. Babu tiyon da zai tsage, babu famfon da zai sha iska, babu wayar da ɓera zai ci. Shi ya sa injinan da kamfanoni suke ƙera wa masunta da masu fito a ƙasashe irin tamu, kamar Yamaha Enduro E15 da E40 da E75 da za ka gani a Yawuri da Kainji da Baga, duk na haɗin hannu ne. Sun san injin zai yi aiki a inda babu dila, babu kayan gyara, sai bakanike da sifanarsa. Saboda haka bakaniken da ya ce ka cire ba shirme ya faɗa ba. Abin da ya saba gani ke nan, kuma ya ga yana aiki.

Matsalar haɗin jarka tana wajen mai haɗawa. Galibin injinan nan ana haɗa musu 50:1, wato kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai. A aikace mililita 20 ke nan a kowace lita. Lita 4 tana son mililita 80, lita 12 tana son 240, lita 20 tana son 400, tankin Yamaha mai lita 24 yana son 480, jarka mai lita 25 kuma rabin lita cif, wato cikin gorar ruwa mai santilita 50. Lissafin ba shi da wuya. Amma ka je bakin dam da asuba ka ga yadda ake yi. Wani da murfin galan yake aunawa, wani da gwangwanin madara, wani ya tuttula ya kalli launin fetur ya ce ya yi. Jarkar da ake kira mai 25 in an cika ta har wuya takan ci fiye da haka, ba wanda yake ƙara mai saboda ƙarin. Ranar da fetur ya yanke a tsakiyar aiki, sai a aiki yaro wajen 'yan bumburutu ya sayo lita biyar a juye a tanki a kan ragowar jiya, a ce ai akwai sauran mai a ciki. Ranar da kuɗi suka yi ƙaranci, man ne ake fara tsukewa, don ba a ganin illar a ranar. Wanda ya haɗa da wanda ya ɗauki jarkar sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya zuba. Mantuwa ɗaya ta isa ta kashe inji. Na buɗe injinan haɗin hannu da suka buga ta wannan hanya fiye da waɗanda famfo ya kashe, nesa ba kusa ba.

Akwai kuma masu cikawa don tsoro, su yi 25:1 kullum suna ganin sun kyauta wa inji. Wannan adadin na sabon inji ne ko wanda aka sake wa fistin da ringi, a awa 10 na farko. In aka ɗore a kai, fulogi yana jiƙewa ya daina ba da wuta, kabon yana taruwa a kan fistin da ramin ringi har ringin ya ƙame, hayaƙi ya hana na baya numfashi, ga asarar kuɗi.

Shi kuwa famfo ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya hau Suzuki ko Jincheng AX100 lokacin da suke tashen acaɓa ya san ɗan tankin 2T na gefe. Yamaha ta fara sa irin wannan tsari a babur tun 1964, da sunan Autolube, daga baya ya shigo injinan ruwa. A Amurka suna kiran na injin ruwan Precision Blend. Famfon ƙarfe ne ƙarami, karanshaf ne yake juya shi ta hanyar giya, akwai kuma wani siririn sandan ƙarfe da ya haɗa shi da totur. In inji ya ƙara juyi famfo ya ƙara, in aka buɗe totur sandan ya ƙara buɗe shi. Daga nan ƙananan tiyo suke kai man bayan kafireta, kowace silinda da nata.

Amfanin wannan shi ne buƙatar inji ba ɗaya ba ce a kowane lokaci. A cikakken gudu yana son 50:1 ɗin nan, kuma a nan famfo da jarka kunnen doki suke yi: inji mai doki 40 a ƙarshen totur yana shan kusan lita 20 a awa, man da zai bi shi wajen mililita 400 ne ko ta wace hanya. A silo ne suke rabuwa. Inji yana silo ba ya ɗauke da nauyi, rabin wancan man ma ya ishe shi, famfo kuma yana rage masa zuwa 100:1 ko ƙasa da haka. Jarka ba ta san silo ba. Aikin kamun kifi kuwa rabinsa a hankali ake yi: zuba kalli, jan koma, zagaya gora, jiran a kwashe kifi. A nan injin haɗin hannu yake tara mai a ciki, ya riƙa tari yana mutuwa, a yi ta cire fulogi ana gogewa. Mai famfo yakan yi silo sumul, fuloginsa ya daɗe, galan ɗin mai ya kai ka nesa. Da tsadar da komai ya yi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ragin ba ƙarami ba ne a wata.

Akwai abin da ba a cika kawowa ba, ni kuma yana damuna. Salansar injin ruwa a cikin ruwa take fitar da hayaƙi, man da bai ƙone ba a dam yake ƙarewa. Daberam da Sabke da Ajiwa da Zoɓe ba teku ba ne. Ruwa ne a tsare, da rani yana ja baya, daga cikinsa ake kama kifin da ake ci, dabbobi suna sha, ana ban ruwa, wasu kuma daga cikinsu ake tura ruwan famfo gari. Wannan shuɗin maiƙon da ke bin bayan kwale-kwale a silo, mai famfo yana rage shi sosai. Haƙƙin jama'a ne, ya cancanci a sa shi a lissafi.

To daga ina tsoron famfo ya samo asali? Akasarinsa daga wasu injina ne daban da naka. A 1984 kamfanin OMC na Amurka, mai ƙera injinan Johnson da Evinrude, ya fito da tsarin da ya kira VRO. Shi ba giya ce take juya shi ba, bugun iskar ɗakin karanshaf ne yake motsa wata roba a ciki, kuma famfon fetur da na mai a jiki ɗaya suke. Na farkon ba su da ƙararrawar da za ta sanar in mai ya daina tafiya, sai daga baya aka ƙara. Suna ya ɓaci, masu jirage da yawa suka cire, labari ya bazu har ya shafi kowane famfo. Wasu manyan injinan Mercury masu silinda shida kuma giyar roba ce a jikin karanshaf take juya famfonsu, in inji ya taɓa yin zafi ko shekaru suka ja, haƙoranta kan cinye. Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma na waɗancan injinan ne. Famfon Yamaha da na Suzuki, irin na ƙarfe mai sanda, da wuya ka ga shi kansa ya lalace.

Wani abin kuma, ana ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Inji ya buga, a buɗe a ga fistin ya ƙone, nan take a ce mai ne bai zo ba. Alhali in famfo ne ya tsaya gaba ɗaya, duk silindar uku za su nuna alama, boris ya bushe ya yi shuɗi. In fistin ɗaya ne ya ci wuta sauran biyu suna jiƙe da mai, ka fara duba kafiretar wannan silindar. Jet ɗinta ya toshe da datti ko da danƙon tsohon fetur, iska ta rinjayi fetur, zafi ya yi yawa. A nan ma injinka ya fi na haɗin hannu kariya, domin shi mansa ta bayan kafireta yake shiga, ko jet ya toshe mai yana zuwa. A haɗin jarka, silindar da ta rasa fetur ta rasa mai a lokaci guda. Sai kuma zafi. Ruwan dam ɗinmu da damina laka ne da yashi, da rani kuma ƙafar inji tana sharar ƙasa, robar famfon ruwan da ke cikin ƙafar tana cinyewa da wuri. Injin da ba ya fitsari da ƙarfi, wato ba ya tsarto ruwan sanyaya shi sosai, zai buga ko da wane irin mai aka ba shi.

Abin da yake lalacewa a tsarin famfo shi ne abin da ke kewaye da shi, kuma a nan ya kamata idonka ya tsaya. Tiyon man siriri ne, injinka kuma ya yi shekaru a wata ƙasa kafin ya zo ya haɗu da zafin Daura na watan Afrilu. Tiyo yana ƙandarewa, ya tsage a bakin da aka cusa shi, ko ya zame. Ruwa yana shiga tankin mai ta murfin da robarsa ta mutu, kuma da yake ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda famfo yake zuƙa. Ƙurar hunturu tana shiga lokacin zubawa ta toshe 'yar matatar da ke cikin tankin. Ɗan kan robar da ke riƙe sandan totur yana tsufa ya karye. In aka bar tankin ya ƙare ƙaf, ko aka kwantar da injin a mota daga Legas zuwa nan, iska tana shiga layin, sai an fitar da ita ta ɗan nocin da ke jikin famfon. Ka kuma riƙe wannan da kyau: ƙararrawar injinka yawan man da ke cikin tanki take lura da shi. In ya yi ƙasa za ta yi ƙara, inji ya rage gudu da kansa. Ba ta san ko man yana isa silinda ba. Tiyo zai iya tsagewa tanki yana cike ba ka ji ko ƙyas ba. A wannan gaɓar bakaniken farko yana da gaskiya, maganinta kuwa duba tiyo da ido ne, aikin minti biyu in an ɗaga murfi.

Ga yadda za ka yi. Kafin komai a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran sosai, injin yana da ciwo tun daga can, kada gobe a ce famfo ne. Sannan a juye tankin man gaba ɗaya, a wanke shi da matatarsa, domin ba ka san abin da mai shi na farko ya zuba ba. A canza dukkan tiyon man da sababbi masu jure mai, waɗanda ake hango cikinsu, a ɗaure bakunansu. Kada a sa tiyon ƙarin ruwa na asibiti, ina ganin ana yi, wata kaɗan yake yi ya ƙandare. A zuba sabon mai, a fitar da iska, a duba sandan totur yana kan alamar da kamfani ya yi. A gwada ƙararrawar ta hanyar ɗaga na'urar da ke cikin tankin a ji ko za ta yi kuka. Daga nan ka haɗa fetur 50:1 a jarka kamar babu famfon, ka sa alama da alƙalamin maka a jikin tankin man daidai inda ya tsaya, yara su fita aiki. Ko famfon matacce ne, injin yana da kariya. In kuma yana aiki, man ya ninka ke nan na 'yan kwanaki, abin da zai jawo hayaƙi ne da wanke fulogi, kuma haka Yamaha da kanta ta ce a yi wa sabon inji mai famfo a awanninsa na farko. Bayan an ƙone lita 25, ka cika tankin man da abin awo har ya dawo kan alama. In galibin tafiyar da gudu aka yi, abin da ya sauka zai kama tsakanin rubu'in lita da rabin lita. In silo ya fi yawa zai gaza haka. Ka maimaita da jarka ta biyu, kana duban kowane tiyo ko akwai kumfar iska a ciki. In lissafi ya fita sau biyu, ka koma zuba fetur zalla da kwanciyar hankali.

In man bai sauka ba, ko wani tiyo ya ƙi cika, ko aka tarar giyar ta cinye kuma ba a samu kayan ba a Kano ko Legas, to a nan na yarda a koma jarka. Haka in da injin mai VRO ne wanda ba a san tarihinsa ba, da ban tsaya dogon bayani ba, domin OMC ya durƙushe tun shekarar 2000, an kuma daina ƙera Evinrude a 2020, samun kayansa na asali a nan wahala ne. Amma cirewa aiki ne da ake yi gaba ɗaya. Abin da ya fi kashe inji shi ne rabi da rabi, a zare tiyo a bar famfo yana juyawa a bushe har ya ƙame ya ɓarar da giyarsa a cikin inji. A cire famfon da sandar da ke juya shi, a rufe gurbin da faranti da gasket. A toshe kowace ƙofar da mai yake shiga ta bayan kafireta, toshewa ta gaske, domin in ɗaya ta zuƙi iska silindar za ta ƙone, an gudu ba a tsira ba ke nan. Wayar tankin man a san yadda za a yi da ita don kada inji ya riƙa rage gudu, amma kada a yanke ƙararrawar gaba ɗaya, ita ce kuma take sanar da zafi. A wanke kafireta. Sannan a rubuta 50:1 da fenti a jikin murfin injin da jikin tankin fetur, a ware jarka mai launi daban wadda ba a zuba komai a cikinta sai haɗaɗɗen fetur, kuma mutum ɗaya tak ya zama mai haɗawa. A fara zuba fetur kaɗan, a zuba man, a girgiza, sannan a cika. Kada a haɗa na fiye da 'yan kwanaki, domin a zafinmu fetur yana tashi ya bar danƙo.

Gargaɗi ga masu karatu da injinsu ya bambanta da na mai tambaya: akwai masu bugu biyu na zamani da suke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin su E-TEC da OptiMax da HPDI da TLDI. A waɗannan fetur ba ya bi ta ɗakin karanshaf sam, don haka man da ka zuba a fetur ba zai taɓa isa boris ba. Ba a mayar da su haɗin jarka, duk wanda ya ce zai yi maka, ka ɗauke injinka.

Saura maganar man kansa, wadda ta shafi kowace hanya ka bi. Ka nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikinsa. Shi ne aka yi domin injin da ruwa yake sanyayawa, yana ƙonewa ba ya barin toka. Man 2T na babur da injin yankan katako an yi shi ne don injin da iska take sanyayawa, wanda ya fi zafi, in aka daɗe ana sa shi a injin ruwa yana barin datti a fulogi da kan fistin. In ka rasa TC-W3 a tsakiyar aiki, 2T mai kyau zai maido ka gida, amma kada ya zama na kullum. Baƙin man mota kuwa, wanda aka saba tsiyayawa a ƙaramin janareta, kada ya kusanci injin nan. Ba a yi shi don ƙonewa ba, ya yi wa famfon kauri, kuma shi ne yake ƙamar da ringi. Ka sayi galan a rufe daga wurin da ka amince da shi, ka guji na awo a kwalba, ka tsaya a kan iri ɗaya. Tankin man kuma kai ko babban yaronka za ku riƙa cikawa kowace safiya kafin a fita, da mazurari mai tsabta, ba sai ƙararrawa ta yi kuka ba.

In ka gama gwajin, ka turo min yawan fetur da aka ƙone, da yawan man da ya sauka a kowace jarka, da lambar da ke kan ɗan farantin da ke jikin maƙalin injin, da abin da awon matsin silinda ya nuna. Da su zan iya gaya maka ko sandan famfon yana buƙatar saiti. Kafin nan a canza robar famfon ruwan ƙafar, tunda ba a san yaushe rabon da a taɓa ta ba, a kuma duba man giya ko ya yi fari da ruwa.